Yadda Ake Zama Ɗan Wasan da Ke Fitowa a Uba, Malam ko Dillaliya: Daga Daɓe Zuwa Gaban Kyamara

Fuska biyu ake sawa a fastar fim, ta saurayi da ta budurwa. Amma mutum biyu ba su cika gari. Sai an samu uban yarinya mai taurin kai, da kishiyar uwa, da mai unguwa, da ɗan sandan da ke kan kanta, da mai shayin bakin tasha, da dillaliyar da ke shiga gida-gida da ƙullin atamfa da gulma, sannan mai kallo zai yarda cewa a cikin mutane labarin ke faruwa. Masu ɗaukar waɗannan rol-rol ɗin, wato matsayin da ɗan wasa ke fitowa a ciki, su nake nufi da wannan rubutu, da kuma matashin da ke son bin sahunsu.

Yawancin masu zuwa ofisoshin 'yan fim a Kano da Kaduna da Jos jarumta suke nema. Ban ga laifinsu ba. Sai dai jarumta tana tafiya da ƙuruciya, ita kuwa wannan sana'a shekaru ƙara mata daraja suke yi. Furfurar da ke sauke jarumi daga fasta ita ce ke sa a nemi mai fitowa a uba. Idan so kake ka yi shekara talatin ana kiran ka aiki, ga hanyar da nake ganin ta fi.

Mataki na farko: koyi kallon mutane

Wannan shi ne tushen aikin, kuma a nan zan fi daɗewa.

Marigayi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja, ɗan asalin Pategi ne a jihar Kwara, kuma soja ne na gaske kafin ya yi suna a rediyo da talabijin na Kaduna. Tsawar da yake yi, da yadda yake cakuɗa Hausa da Turancin bariki, da yadda yake ƙamewa idan na gaba da shi ya shigo sannan ya juya ya huce a kan na ƙasa, duk abubuwa ne da ya zauna a cikinsu shekara da shekaru. Shi ya sa har ya rasu a 2023 tsofaffin sojoji ke ganin kansu a wasansa. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma ya yi aikin gidan yari kafin fim ya ɗauke shi gaba ɗaya, wurin da ake ganin mutum iri-iri a halin da ba ya iya ɓoye kansa.

Kai da ba ka yi soja ba, dole ka je ka nemo abin da su suka samu a wurin aiki. Ka ware lokaci a kowane mako ka zauna inda jama'a ke hada-hada: tashar mota, kasuwar dabbobi, layin karɓar kati a asibiti, zaman kotu wanda aka yarda kowa ya shiga, majalisar dattawa bayan la'asar. Mace kuma ta fi namiji sa'a a nan, don gidan biki da gidan suna da wurin kitso makarantu ne da namiji ba ya shiga.

Kada ka tsaya kan fuska. Fuska tana ƙarya, hannu da ƙafa ba su cika yi ba. Dubi yadda dillalin shanu ke riƙe hannun mai saye a ƙarƙashin riga suna ciniki. Dubi yadda mai kuɗin gado ke zama, da yadda wanda ya yi kuɗi bara ke zama, za ka ga ɗaya ya saki jiki, ɗaya yana gyara hula kowane minti. Dubi yadda mutum ɗaya ke gaisuwa iri uku cikin sa'a guda: da maigidansa, da sa'ansa, da yaronsa. Saurari inda murya ke hawa idan mutum ya zo neman bashi, da inda take sauka idan an zo karɓa. Malamin zaure da malamin boko ba su buɗe littafi iri ɗaya. Tsoho ba a sunkuye kawai yake tafiya ba, kafin ya miƙe daga tabarma sai ya nemi abin dafawa, kuma yakan fara magana tun bai gama zama ba.

Idan ka koma gida, rubuta abu uku da ka gani, sannan ka tashi ka gwada su da jikinka a ranar, kafin su dushe. Ka ɗora waya a kan wani abu ka ɗauki kanka, ka kalla. Kada ka ɗauki mutane a ɓoye da waya. Cin amana ne, kuma abin da ka ajiye a waya ba ya shiga jiki kamar abin da ka ajiye a ido.

Karin harshe ma a nan ake koyon sa. Basakkwace yana cewa "hwari" da "wagga", Bazazzagi yakan ce "matana" inda Bakano zai ce "matata", Hausar Damagaram da ta zangon Kumasi kowace da kiɗanta. Amma ka sani, tsinto kalma biyar ka yi ta maimaitawa ba ya mayar da kai mutumin garin. Kiɗan maganar ake nema, inda ake ja da inda ake datsewa. Kuma ina roƙon ka da babbar murya: idan aka ba ka rol ɗin Bafulatani ko Bayarabe ko Bagwari ko mutumin ƙauye, ka yi mutum mai hankalinsa da buƙatarsa. Finafinanmu sun daɗe suna mayar da waɗannan mutane abin dariya kawai, alhali suna cikin masu kallonmu, suna kuma jin zafin abin.

Mataki na biyu: hau daɓe kafin ka nemi kyamara

Masana'antar finafinan Hausa daga ƙungiyoyin dirama ta fito. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta yi Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin farkon finafinan Hausa na bidiyo, 'yan wasan daɓe da talabijin ne tun kafin nan. Marigayi Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya iya tsayawa a wasan Hausa ya kuma tsaya a na Turanci a NTA, har 'yan kudu suka san shi da Uncle Gaga. A Nijar, Yazi Dogo da ƙungiyarsa sun nuna irin nisan da wasan Hausa na dandali zai iya kai mutum. Kafin su duka akwai tashe da wasan gauta da 'yan kama, inda ake kwaikwayon sarki da malami a gabansu.

Abin da daɓe ke ba ka, kyamara ba ta bayarwa. A daɓe babu "kat", babu a sake. Idan ka manta magana sai ka san yadda za ka fita. Idan wasanka bai kama ba, a take za ka ji 'yan kallo sun fara hira. Idan suka yi dariya, za ka koyi jira ta lafa kafin ka ci gaba, kuma wannan sanin lokaci shi ne rabin barkwanci.

Nemi ƙungiyar dirama ta makaranta ko ta unguwa, ko masu wasan faɗakarwa kan rigakafi da tsafta da ake zagayawa da su ƙauyuka. Wanda ke da halin karatu, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Jos, akwai kuma makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos. Takarda ba dole ba ce, amma rihaza, wato gwajin wasa kafin a yi na gaske, dole ce.

Kullum ka ba muryarka minti goma sha biyar. Ka tsaya, ka ja numfashi har cikinka ya taso, kafaɗa ba ta motsa ba, ka karanta labari da ƙarfi yadda na ƙarshen tsakar gida zai ji ba tare da ka yi ihu ba. Ka maimaita karangiya irin su "kura ture turmi, turmi ture kura" har harshenka ya saki. Sai ka karanta sakin layi ɗaya da murya uku: ta alkali, ta mai talla, ta wanda ke ɓoye laifi.

Mataki na uku: gina mutumin

An ba ka rol. Wataƙila sin uku, wato fitowa uku, ne kacal a duk fim ɗin. Sau da yawa ma ba za a ba ka labarin gaba ɗaya ba, sai ka isa lokeshan a miƙo maka takarda, ko darakta ya ce: "Kai ne baban yarinyar, ba ka son auren, ka kore shi." A irin wannan yanayi ne ake gane wanda ya yi shiri.

Ka tambayi kanka abu uku, idan ba ka da amsa ka tambayi darakta. Daga ina mutumin nan yake kafin ya shigo? Me yake so daga wanda ke gabansa a wannan sin ɗin? Me yake tsoro? Irin tambayoyin da Stanislavski, masanin wasan kwaikwayo na ƙasar Rasha, ya gina koyarwarsa a kansu ke nan, kuma suna aiki a unguwar Ɗorayi ta Kano kamar yadda suke aiki a Mosko. Ɗauki uban nan da zai kori saurayi. Idan ka shiga da niyyar "ni mugu ne", abin da za ka yi shi ne zare ido da ɗaga murya, irin wanda aka gani sau ɗari. Amma idan ka yanke cewa ya riga ya ci kuɗin wani Alhaji, kuma yana tsoron ranar da za a zo karɓa, sai wasan ya canza da kansa. Zai ƙi haɗa ido da yaron. Zai amsa gaisuwa a gajarce. Faɗan da zai yi zai fi ƙarfin laifin, kuma mai kallo zai ji akwai wani abu a ƙasa ko da ba a faɗa ba.

Babu mutumin da ke ganin kansa mugu. Kishiyar da ke zuwa wurin boka gani take an zalunce ta. Mai gadin da ke karɓar na goro gani yake albashinsa ne bai isa ba. Ka nemo hujjar mutumin ka riƙe ta, hukunci kuma ka bar wa mai kallo.

Daga nan sai ka zaɓa masa ɗabi'a ɗaya daga cikin waɗanda ka tara: jan carbi da sauri idan ransa ya ɓaci, ko share kujera kafin ya zauna, ko gyaran murya kafin ya yi ƙarya. Ɗaya tak. Ɗabi'a a wasa kamar daddawa ce a miya, kaɗan ke gyarawa. Wanda ya haɗa ɗingishi da in'ina da ƙifta ido da sara a baki duk a rol guda, kansa yake nunawa, mutumin ya ɓace.

Sutura kuma kada ka dogara da mai kostum kaɗai. Ka tanadi akwatinka: tsohuwar babbar riga da ta sha wanki, hula biyu ko uku da suka ga rana, rawani, carbi, tabarau marar ƙarfi, takalmin da ya ci ƙasa. Mace ta ajiye zannuwa da mayafai na masu hali da na marasa hali. Sau nawa muke ganin manomi a fim da sabuwar riga mai karin guga? Takalmi ya fi komai muhimmanci, domin shi ke canza tafiya. Sa shi tun kana gida ka zagaya da shi.

Mataki na huɗu: rage kanka saboda kyamara

A daɓe kana wasa ne don na layin baya. Kyamara kuwa tana iya matsowa har ta cika allo da idonka, don haka abin da ya yi daidai a dandali ya yi yawa a nan. Idan an matso da ita, ka bar girarka ta huta, ka bar hannu ya sauka, ka yi tunanin abin kawai. Za ta gani. Makirufo na kusa, ba sai ka cika murya ba.

Mafi yawan lokacinka a allo ba magana za ka riƙa yi ba, sauraro za ka yi. Jarumi na bayani, kai kana tsaye. Sabon ɗan wasa a nan yake mutuwa: ido ya tafi wani wuri, yana jiran layinsa. Ka saurara kamar yau ka fara jin maganar, ko da karo na takwas ake ɗauka. Mai editin yana neman fuskar da ke amsawa, idan ya same ta a wurinka, kai zai riƙa yankowa.

Sai maganar kontiniwiti. Yawanci da kyamara ɗaya ake aiki, a ɗauki sin daga nesa, a sake ɗauka a kan kowane mutum. Idan da hannun dama ka ɗauki buta a ɗaukar farko, da shi za ka ɗauka a sauran, kuma a kan kalmar da ka ɗauka. Ba a kuma bin labari a jere. Duk sin ɗin da ke gida ɗaya a rana ɗaya ake kwashe su, ta yiwu ka yi kukan mutuwar 'yarka da safe, da yamma ka yi murnar haihuwarta. Ka rubuta a gefen takardarka abin da ya faru kafin kowane sin. Ka ɗauki hoton shigarka da waya kafin ka tuɓe, har karkacewar hula.

Ka zo da wuri, ka haddace naka, ka san inda aka ce ka tsaya don kada ka tare wa wani haske. Jira yana da yawa a lokeshan, wani lokaci tun hantsi har magariba saboda sin biyu. Masu haske da masu sauti da mai kontiniwiti ka girmama su. Su ne ake tambaya idan ana neman wanda zai fito a liman gobe da safe.

Kada kuma ka saci sin. Idan lokacin jaruma ne ta yi kuka, ba lokacin da za ka yi ta wasa da carbi a bayanta ba ne. Daraktoci suna lura, kuma ba su mantawa.

Mataki na biyar: shiga masana'antar

A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma 'yan wasa suna rajista da ita. Akwai ƙungiyoyin 'yan fim irin su MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim ta Najeriya. Ka je ofis da kanka ka ji sharuɗɗan da ke aiki a lokacin, kada ka ba wani kuɗi a hanya ya ce zai yi maka. Ka haɗa bidiyo na minti biyu ko uku da ke nuna ka a mutum uku mabambanta, da haske mai kyau da sauti mai fita, shi za ka riƙa turawa. Ka halarci odishin, wato gwajin zaɓen 'yan wasa, ka karɓi ƙaramin rol ba tare da raini ba.

Duk wanda ya ce ka biya shi don ya sa ka a fim, ka bar wurin. 'Yan mata kuma, ki shigo da sanin iyaye ko waliyyi, kada ki je ganawar aiki a ɗakin otal ko gidan wani ke kaɗai, komai sunan wanda ya kira.

Zamanin nan ya yi wa irin wannan ɗan wasa daɗi. Tun da kasuwar faifai ta mutu aka koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, labari ya daina tsayawa kan mutum biyu. Shirin da zai yi shekaru yana buƙatar gari sukutum, kuma mun ga yadda masu fitowa a malamin tsangaya ko ɗan kasuwa a shirinta na Daɗin Kowa suka yi sunan da ya kai na jarumai.

Mataki na shida: idan rol ɗaya ya manne maka

Ranar da ka yi wani rol ya karɓu, shi za a yi ta kiran ka ka maimaita. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, da aka fi sani da Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024, ta shahara da fitowa a mace mai zafi da makirci, har wasu masu kallo suka ɗauka haka halinta yake, alhali abokan aikinta da barkwanci da son mutane suka san ta. Ibro kuwa sunan wasa ya rufe sunan yanka gaba ɗaya.

Wannan abu yana da amfani, don shi ke sa a tuna da kai idan ana rabon rol, shi ke kawo abinci. Illarsa ita ce ranar da aka gaji da wannan fuskar, an gaji da kai. Shawarata ita ce kada ka yi faɗa da shi, ka yi dabara. Idan an kira ki uwar miji karo na goma, ki nemo wata uwar mijin: wannan mai sanyin murya ce da ke yanka da murmushi, waccan mai tsoron talauci ce, wata kuma son ɗanta ne ya rufe mata ido. Sannan lokaci-lokaci ka nemi rol ɗin da ya saɓa, ko da a ƙaramin fim ne na matasa masu tasowa, ko da kuɗin bai kai ba. Mai barkwanci ya nemi inda zai sa mutane kuka. Ka tura wa daraktoci wannan bidiyon, don ba za su yi tunanin ka iya ba sai sun gani.

Iyalinka ma ka shirya su. Wanda ke fitowa a boka ko ɓarawo, 'ya'yansa za su ji magana a makaranta. Ka zaunar da su ka yi musu bayani tun kafin fim ya fita. Rol ɗin da ka san ba za ka iya kallo tare da su ba, kana da ikon ka ce a'a.

Mataki na bakwai: kuɗi

A 2022 Hajiya Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana fitowa a uwa, ta faɗa a wata hira da BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim sau da yawa bai wuce 'yan dubbai kaɗan ba. Maganar ta tayar da ƙura, wasu furodusoshi suka musa, wasu suka ce ai gwargwadon sin ake biya. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abin da ya fito fili shi ne suna a wannan sana'a ba ya nufin wadata, kuma ba mu rasa ganin dattawan masana'antar da rashin lafiya ta kwantar sai an yi musu gidauniya. Abin yana ci mini rai, shi ya sa nake son ka shiga da idonka a buɗe.

Ka yi maganar sallama kafin ka sa kostum. Kunya ce ke hana yawancinmu, musamman idan furodusan ya kira ka Baba ko ya kira ki Mama. Ka amsa da mutunci, sannan ka tambaya: sin nawa ne, kwana nawa, nawa ne, yaushe za a biya, wa zai ɗauki kuɗin mota da abinci da masauki idan aikin a wani gari ne? Idan babu takardar yarjejeniya, bayan kun gama magana ka tura masa saƙo a WhatsApp ka jera abin da kuka amince, ka jira ya amsa. A shiri mai dogon zango ka ji ko da kashi-kashi ake biya ko da zango, ka kuma nemi a sake duba kuɗin idan an shiga sabon zango kuma rol ɗinka ya girma. Idan za a yi amfani da fuskarka a tallar wani kaya, wannan ciniki ne daban.

Kada ka saki sana'ar da kake yi saboda fim biyu sun karɓu. Ɗinki, koyarwa, shago, noma, duk abin da zai bar ka ka tafi lokeshan ka dawo, ka riƙe shi, domin shi ne zai ba ka ƙarfin ƙin aikin wulaƙanci. Muryar da ka horar ma jari ce: ana neman ta a wasan rediyo, da tallace-tallace, da fassarar finafinai, da gabatar da taro. Daga kowace sallama ka cire wani abu ka sa a adashi ko asusun da ba ka taɓawa, kuma idan jiharku tana da shirin inshorar lafiya na masu zaman kansu, ka je ka yi rajista da kai da iyalinka tun kana da ƙarfin zuwa lokeshan.